Faifan Napoléon da bangon zaurenmu: littafin aiki

Asabar, 30 ga Janairu 2016

Yau na buɗe wannan littafi, domin labarin da muka shekara da shekaru muna jira ya tabbata. Cibiyar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta ba da sanarwa cewa kafin bana ta ƙare za ta fitar da Napoléon na Abel Gance, fim ɗin Faransa mara magana na 1927 kan rayuwar Napoliyon, a faifan DVD da Blu-ray, cikakken gyaran masanin tarihin fim Kevin Brownlow mai awa biyar da rabi, da kiɗan Carl Davis. Za a fara nuna shi a zauren Royal Festival Hall da ke Landan ranar 6 ga Nuwamba, makaɗan Philharmonia na kiɗa a gaban allo, sannan faifai ya biyo baya. Sau uku na karanta sanarwar a waya kafin na tashi na leƙa kantar da nake jera faifai, inda na daɗe da barin gurbi mai faɗin yatsu biyu.

Duk mai tara fina-finai marasa magana yana da nasa gurbin. Wani ya bar shi don fim ɗin da ya ƙone, ba zai taɓa cikewa ba. Nawa na fim ne da yake nan da ransa, an gyara shi, ana nuna shi jefi-jefi a manyan zauruka, amma maganar haƙƙin mallaka ta hana shi shiga gidajen mutane.

Aikin da na ɗora wa kaina guda uku ne: in mallaki faifan, in shirya zauren gidanmu ya zama wurin kallo, in fassara rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna zuwa Hausa don in karanta wa Kawu. Shi ya fara kai ni silima ina ɗan shekara tara, kuma yanzu ya haura saba'in da biyar.

Lahadi, 14 ga Fabrairu

Na je gaida Kawu bayan la'asar, na faɗa masa. Ya ce, “Beben fim? Har awa biyar da rabi?” Na ce e, Kawu, amma da kiɗa, kuma ni zan zama bakinsa. Ya yi shiru, sai ya shiga ba ni labarin majigi. Ya ce suna yara mota ce take zuwa da yamma, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar gidan hakimi, a tayar da inji, gari duk ya fito. A nuna noman gyaɗa da tsabtar rijiya, a ƙarshe a sa musu Cali, wato Charlie Chaplin, su yi ta dariya. Mutum ɗaya ne ke tsayawa da lasifika yana bayani da Hausa, kuma in bai iya zance ba, fim ya lalace ko da ya kai yaya kyau. Ya ce, “Ɗan nan, in za ka yi, ka yi shi irin na wancan mutumin. Kada ka karanta mini kamar mai karanta wasiƙa.”

Na rubuta wannan a bangon littafin nan daga ciki.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Yau shekara 89 cif da aka fara nuna fim ɗin a gidan opera na Faris, ranar 7 ga Afrilu 1927. Tun da babu wani aikin hannu a wannan makon, bari in rubuta dalilin da ya sa jiran ya yi tsawo haka, don 'ya'yana in sun karanta wata rana su san ba sha'awar banza ba ce.

Gance ya yi niyyar fina-finai shida kan rayuwar Napoliyon, na farko kaɗai ya cinye kuɗin. Ya tsaya a 1796, lokacin da saurayin janar ya jagoranci sojojin Faransa zuwa Italiya. Bayan nunin opera, an nuna wani zubin mai kusan awa tara a silimar Apollo cikin watan Mayu. Daga nan almakashi ya shiga. Masu rarrabawa kowa ya yanka daidai da aljihunsa, wanda ya isa Amurka a 1929 ɗan guntu ne da ba a gane kansa. Ga kuma The Jazz Singer da ya fito a Oktoban 1927, wata shida kacal bayan Napoléon, kowa ya koma neman fim mai magana. Abin da ya rage ya warwatse a gwangwanaye, ƙasa-ƙasa.

Brownlow yana ɗan makaranta a Landan, shekararsa kamar goma sha biyar, ya samu naɗi biyu na fim ɗin a siririn zare mai faɗin milimita 9.5, irin wanda ake sayar wa masu kallo a gida. Ashe mai tara fim ne kamarmu. Daga waɗannan naɗi biyu ya shiga bin kasuwannin tsofaffin kaya da ɗakunan ajiya yana haɗa guntaye. A 1979 aka nuna abin da ya haɗa a Telluride da ke Amurka, a fili cikin sanyin dare, Gance mai shekara 89 yana kallo ta tagar masaukinsa. Ranar 30 ga Nuwamba 1980 aka nuna shi a silimar Empire ta Landan da sabon kiɗan Davis. A Janairun 1981 Francis Ford Coppola ya kai shi Radio City Music Hall na Niyok, da kiɗan mahaifinsa Carmine Coppola, a zubi mai kusan awa huɗu. Gance ya rasu a Nuwamban shekarar, Allah ya nuna masa farfaɗowar aikinsa da idonsa.

To daga nan aka samu zubi biyu, kiɗa biyu, da masu haƙƙi a ƙasashe daban-daban. Na Amurka ya fito a kaset ɗin bidiyo tun da daɗewa. Na Brownlow, wanda ya ƙara cikowa a 2000 har ya kai minti 330 da ɗoriya, sai dai mutum ya je ya zauna a zaure: Landan a 2000 da 2004 da 2013, Oakland ta Kalifoniya sau huɗu a 2012. Wanda ba shi da biza da kuɗin jirgi sai ya ji labari. Bambancin tsawon ba duk daga yanka ba ne. Na Amurka ana gudanar da shi da hoto 24 a daƙiƙa, na Brownlow galibi 20, wanda ya fi kusa da yadda aka murza kyamarar. Na taɓa ganin na kaset ɗin a wani kwafi mai hazo, sojoji na tafiya kamar ana korarsu.

Asabar, 30 ga Afrilu

Maganar shiyya. Na duba bayan na'urata, harafin B ne a jiki. Faifan Blu-ray an raba duniya uku: A ta nahiyar Amurka da gabashin Asiya, B ta Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya, C ta sauran. Faifan Birtaniya B ne, ke nan zai yi a nan Kano ba tare da wata dabara ba. DVD ne da zai ba da matsala, don a tsarinsa Birtaniya shiyya ta 2 ce, mu muna ta 5. Don haka Blu-ray zan saya.

Masu tarawa na Amurka su ne yanzu ke neman na'urar da ba ta da shiyya. Na tausaya musu da gaske, don na san ɗacin a ce abu ya fito amma ba naka ba ne.

Juma'a, 24 ga Yuni

Azumi ya yi nisa, ban taɓa aikin ba tun farkonsa. A makon nan an saki naira ta nemi farashinta, ta faɗi. Jiya kuma mutanen Birtaniya suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, yau fam ya faɗi. Na zauna da biro bayan sahur ina lissafi, na ga faɗuwar tamu ta fi. Katina ma ya daina biyan kuɗi a shagunan waje yadda ya saba.

Na kira ƙanwata da ke karatu a Ingila. Ta ce, “Yaya, bar shi a hannuna, zan yi oda da zarar sun buɗe, in taho da shi hutun Disamba.” Na ce zan ba Inna kuɗin a nan. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a kan aikowa ta gidan waya, don an taɓa kawo mini faifai da kwalinsa a murƙushe.

Asabar, 20 ga Agusta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kwashe buhunan da ke zaure, na auna bangon gabas: mita 5 da ɗan ƙari. Damina ta jiƙa kusurwar hagu, sai da magini ya kankare ya sake shafe. Fari zan yi masa, amma mara ƙyalli, don fenti mai sheƙi yana mayar da hasken majigi cikin ido.

Ga abin da ke hana ni barci. Kusan duk fim ɗin a allo ɗaya yake, mai faɗi 4 tsayi 3, irin na tsohuwar talabijin. A minti ashirin na ƙarshe, shigar Italiya, Gance ya ɗauka da kyamara uku da aka ɗora bisa juna, aikin André Debrie, aka haska da majigi uku a allo uku jere. A silima labule ne ke janyewa hagu da dama, hoto ya ninka uku a faɗi, ya zama 4 bisa 1. Wani lokaci fili ɗaya ne shimfiɗe, doki ya fito daga allon hagu ya ratsa na tsakiya ya ɓace a na dama. Wani lokaci hoto uku ne daban-daban, fuskar janar a tsakiya, rundunoni na tafiya a gefe biyu. A ƙarshe allon hagu ya rine shuɗi, na tsakiya fari, na dama ja, tutar Faransa. Shekara 25 ke nan kafin Cinerama, tsarin silima mai majigi uku na Amurka.

A talabijin ɗin gida kuwa abin juyewa yake. Faɗin allo ba ya ƙaruwa, don haka sai hoton ya tsuke ya zama ɗan zirin ɗamara a tsakiya, baƙi sama da ƙasa. Daga ɗigo 1080 na tsayi ya dawo kamar 480. Wurin da ya kamata ƙirjin mai kallo ya buɗe, nan ne zai miƙa wuya yana ƙanƙance ido. Kawu kuwa ido ɗaya aka yi wa aikin yana, ɗayan har yanzu hazo yake gani. Ba zan zaunar da shi awa biyar ba, sannan in ba shi ƙarshen a cokali.

Dabarar da nake da ita yanzu ita ce majigi ɗaya, in an zo wurin in tsayar da fim in ja majigin baya hoton ya cika bango. Tsayarwar za ta kashe abin. Amma ita ce a hannu.

Laraba, 14 ga Satumba

An yi fenti shafa biyu bayan Babbar Sallah. Maman yara ta ɗinka baƙaƙen labule na ƙofa da taga daga yadi takwas.

Na zauna na goge faifan da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, sai tunani ya ɗauke ni. Ga Metropolis na Fritz Lang, wanda shekara tamanin ana kallonsa da giɓi, sai a 2008 aka gano wani kwafi na milimita 16 a gidan tarihin silima na Buenos Aires, ɗauke da kusan minti 25 da kowa ya fitar da rai da su. Ga na Dreyer kan shari'ar Joan ta Arc, wanda aka tsinci cikakken kwafinsa a 1981 a wani asibitin masu taɓin hankali kusa da Oslo. Waɗannan su ne masu rabon tsira. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ƙirga dogayen fina-finai marasa magana 10,919 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya. Zaren wancan zamani na naitiret ne, yana ruɓewa a gwangwani, yana kama wuta da kansa in zafi ya yi yawa, kuma ruwa ba ya kashe shi. Gobarar ma'ajiyar Fox ta 1937 kaɗai ta cinye abin da ba zai dawo ba. Shi ya sa mai tarawa ba ya yarda da a ce masa “ai yana intanet”. Abin da ke intanet yau gobe ana iya sauke shi. Faifai dubu a gidaje dubu ya fi wuyar ƙonewa.

Asabar, 29 ga Oktoba

Jerin abubuwan da za su zo da faifan ya fito, kuma ya juya aikin nan gaba ɗaya. Faifai uku ne. Akwai sharhin Paul Cuff daga farko har ƙarshe, da shirin da Brownlow ya yi kan Gance a 1968, da hira da Davis, da ɗan littafi. Can ƙasa sai layi ɗaya: za a sa kowane ɓangare na allon uku shi kaɗai, cikakke.

Na tashi tsaye. Ke nan ba sai na ja majigi baya ba. In na samu majigi uku da na'ura uku, zan iya yin abin da Gance ya yi a 1927.

Da farko na yi tunanin talabijin uku, don sun fi sauƙin aro. Na zana a takarda na ga ba zai yi ba. Talabijin na yanzu 16 bisa 9 ne, hoton 4 bisa 3 yana barin baƙin gefe hagu da dama, kowanne kashi ɗaya cikin takwas na faɗin allo, ga kuma firam. Doki zai shiga duhu ya daɗe kafin ya fito a allo na gaba. Majigi kuwa baƙinsa kusan rashin haske ne, ana iya ɗora baƙin wannan a kan hoton wancan har bakin hotuna su haɗu. Lissafin bango: tsayi mita 1 da santimita 10, kowane ɓangare faɗin kusan mita 1 da santimita 47, jimla mita 4 da santimita 40. Ya shiga, har da sarari.

Majigi ɗaya nake da shi. Na'ura ɗaya.

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Yau ake nunin Landan. Davis ya cika shekara 80 a makon jiya, kuma zai tsaya da sanda a hannu yana bin hoto daƙiƙa-daƙiƙa, zaman da in an haɗa da hutu yake kai kusan awa takwas. Na kasa zama a gida, na tafi Sabon Gari neman na'ura.

Malamin da ke gyara mini kayan wuta ya ba ni shawarar da ta fi duk abin da na karanta. Ya ce, “Alhaji, kada ka haɗa kamfani daban-daban. Nemi iri ɗaya sak da taka. Rimot ɗaya zai tayar da su duka lokaci guda in ka jera su wuri ɗaya.” Ya kuma ce in riƙa duba harafin baya, don na gwanjo da ke zuwa daga Amurka A ne. Mun duba guda bakwai a shaguna huɗu, biyu ne kawai irin tawa, ɗaya A ce. Na sayi ɗayar.

Litinin, 21 ga Nuwamba

Ya fito. Da azahar ƙanwata ta turo hoton kwalin a kan teburinta. Na roƙe ta ta buɗe ta duba mini abu ɗaya. Bayan minti goma ta kira: “Yaya, kowane faifai da nasa ɓangaren, hagu, tsakiya, dama.” Wato da kwali ɗaya za a iya ciyar da na'ura uku. Wanda ya tsara wannan ya san akwai irinmu a duniya.

Alhamdu lillahi. Saura kwana 26 ta iso.

Asabar, 17 ga Disamba

Yana hannuna. Ban sa shi a gurbinsa ba tukuna, yana kan tebur.

Laraba, 21 ga Disamba

Dare uku na yi ina kallo ni kaɗai da majigi ɗaya, littafi a cinya. Gani ya kori ji. Na karanta labarin wannan fim shekara goma sha, amma ban shirya wa tsabtar hoton ba, ko launukan rini: ruwan zuma na cikin ɗaki, shuɗin dare, jan yaƙin Toulon.

Faɗan ƙanƙara na makarantar Brienne, inda Napoliyon ya yi karatu yana yaro, shi ya fara kama ni. Kyamara tana cikin yaran, tana gudu da su, tana faɗuwa, yanka na ƙara sauri har fuskar yaron, Vladimir Roudenko, ta rage ita kaɗai a tsaye cikin guguwar hotuna. Sai faɗan matasan kai a ɗakin kwana, allo ya rabu huɗu, ya rabu tara. Amma wanda ya sa na tsayar da faifai na fita tsakar gida shan iska shi ne hadari biyu. Napoliyon, wanda Albert Dieudonné ya fito a matsayinsa, ya gudo daga Kosika a ƙaramin kwalekwale, ya ɗaura tuta a madadin filafilai, teku na ɗaga shi tana bugawa. A Faris majalisar juyin juya hali na cin kanta, Gance ya rataye kyamara tana lilo a kan taron, mutane suka zama igiyar ruwa. Ana yanka daga wannan zuwa wancan har ka kasa bambance teku da majalisa.

Zan faɗi abin da bai kwanta mini ba. Kashi na uku cikin huɗun fim ɗin, zawarcin Josephine wadda Napoliyon zai aura da labarin yarinyar nan Violine da ke son janar daga nesa, yana ja da yawa. Kuma Gance ya ɗaukaka mutumin nan fiye da kima, da mikiya da haske a bayan kai, alhali mun san jinin da ya biyo bayan 1796, har da mayar da bauta a yankunan Faransa a 1802. Davis ya jingina kiɗansa da Beethoven, wanda shi kansa ya sadaukar wa Napoliyon babban kiɗansa na uku sannan ya soke sunan da ya ji ya naɗa kansa sarki. Wannan zan faɗa wa Kawu kafin mu fara, don ya san da wane ido zai kalla.

Ban kalli minti ashirin na ƙarshe ba. Na tsayar daidai inda rundunar ke jiran isowarsa. Ba na so in fara ganinsa a zirin ɗamara.

Asabar, 7 ga Janairu 2017

Fassara ta kai ƙarshen kashi na biyu. Rubutun allon da Turanci yake. Wasu katunan Gance ya yi musu alamar cewa maganar ta tarihi ce, ba ƙirƙirarsa ba, don haka a kan waɗannan nake ƙara “haka tarihi ya kawo”, da sauya murya kaɗan.

Wahalar ba ta ma'ana ba ce, ta lokaci ce. Kati na tsayawa daƙiƙa biyar ko shida, Hausar da na rubuta da farko tana cin goma. Na koma ina datsewa, ina faɗa da baki ina duban agogo. Kalmar da 'yan juyin ke kiran juna da ita ta ba ni aiki: “ɗan ƙasa” ya yi sanyi a bakin mai tsawa, “ɗan'uwa” ya kauce wa ma'ana. Na bar “ɗan ƙasa”, zan ƙarfafa shi da murya. Inda ake koya wa taro taken Faransa a karon farko ba zan ce uffan ba, kiɗan ya isa.

Na yanke shawarar raba kallon dare biyu, kashi biyu-biyu, bayan isha'i. Kawu ba zai iya zaman awa biyar da rabi a jere ba, kuma babu dalilin takura masa.

Asabar, 14 ga Janairu

Na'ura ta uku ta samu, malamin ya kira ni ranar Talata. Majigi na biyu aro ne daga wani abokin aiki, na uku haya daga masu ɗaukar biki. Kafinta ya yi mini dogon benci mai tsayin ƙugu, da alamar alli inda kowanne zai zauna.

Gwajin farko bai yi ba. Na hayar ya fi sauran haske nesa ba kusa ba, farinsa na ɗaukar shuɗi, nawa kuma na ɗaukar rawaya. Sararin samaniyar Italiya ya fito kala uku tun kafin lokacin tuta. Ƙurar hunturu ta kwanta a gilasan cikin awa ɗaya. Sannan aka ɗauke wuta, kafin inji ya karɓa duk na'urorin sun koma farko.

Asabar, 28 ga Janairu

Ci gaba. Na mayar da mai hasken tsakiya, na rage fitilarsa, na sa masu kama da juna a gefe biyu, ido ya fi yarda da haka. Komai yanzu a kan inji yake tun daga farko, ta cikin sitabilaiza. Sauti daga na'urar tsakiya kaɗai, sauran biyu a kashe.

Rimot ɗaya yana tayar da su, kamar yadda malamin ya ce. Hanyar ita ce a kai kowace na'ura hoton farko a tsayar, sannan a danna sau ɗaya. Cikin gwaji goma sha biyu, biyar sun tashi tare yadda ido ba ya ganin bambanci. A sauran, ta dama tana makara kamar rabin daƙiƙa, doki ya fita daga tsakiya ya ɗan ɓata kafin ya bayyana. Na matso da ita kusa da sauran, na ɗora su bisa juna don idon rimot ya same su daidai, aka samu bakwai cikin goma.

Haɗin bakin hotuna ba zai taɓa zama sumul ba, kuma na daina neman haka. Kyamarorin Gance bisa juna suke, kowace na kallon fili daga tsayinta, don haka tun a asali layin ƙasa yana ɗan karyewa a mahaɗa. Na gane haka ne bayan na ɓata dare guda ina cusa kwali ƙarƙashin majigi.

Duk gwajin nan minti biyu na farko kawai nake bari ya gudana, sai in tsayar. Ko a haka, daren Alhamis da ukun suka tashi tare bango ya cika daga kusurwa zuwa kusurwa, babban ɗana da ke riƙe da fitila ya ce, “Baba, zauren ya ƙara faɗi.”

Asabar, 11 ga Fabrairu

Saura matsala ɗaya babba: sauyi. Fim ɗin yana gudana a na'urar tsakiya daga faifai na uku, amma a faifan nan ɓangare ɗaya ne kawai na allon uku. Dole a tsaya a sauya faifai, a jera ukun, a danna. Na auna, minti uku ne in hannu bai yi rawa ba. Na yanke cewa a wannan tsakanin zan kashe hasken duka, in bar zauren cikin duhu, in yi wa Kawu bayanin inda aka kwana: sojoji a yunwace, ba takalma, ba albashi, ga yaro ɗan shekara 26 an turo ya jagorance su. Ɗana zai yi sauyin da ƙaramar fitila a bayan benci. Mun gwada sau huɗu yau, na ƙarshe minti biyu da daƙiƙa arba'in.

An ce cibiyar Cinémathèque ta Faris tana nata gyaran tun 2008 ƙarƙashin Georges Mourier, tana bin dogon zubin Apollo. Na matsa faifan da ke kanta na sake barin gurbi kusa da wannan.

Fassara ta kai tsakiyar kashi na huɗu, saura katunan wurin da fatalwowin jagororin juyin ke bayyana a majalisa, da na jawabin Italiya. Mai majigin haya ya ce a ranakun 24 da 25 ga wata babu biki a hannunsa, na ba shi kafin alƙalami. Jiya na je na faɗa wa Kawu. Ya tambaya ko akwai kujera mai jingina, na ce na tanada. Ya ce a sa masa ita ta ɓangaren hagu kaɗan, don idon da aka yi wa aiki na dama ne.

Abin da ya rage a makon nan: sabon batir na rimot, lita goma na fetur, goge gilasan majigi, da gwajin sauyi sau biyar kowane dare.